Wa Ya Ciyar da Ciyawar da Ba Ta da Saiwa?

A shekarar 2011 mutanen tsibiran Martinik da Gwadalup da Barbados, can a tekun Karibiyan, suka wayi gari suka tarar bakin ruwansu ya cika maƙil da wata ciyawa mai launin ƙasa-ƙasa. Ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Sargasum ake ce mata, kuma tun kaka da kakanni igiyar ruwa takan watso ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma irin wannan tuli, ko tsofaffinsu ba su taɓa gani ba. A shekarar dai, a namu gefen na tekun Atilantika, masunta a Saliyo da Gana suka fara jawo koma cike da ita maimakon kifi, ba a jima ba ta iso gaɓar Ondo da Legas.

Da ta kwana biyu a tudu sai ta ruɓe, ta riƙa fitar da iska mai warin baragurbi, mai sa ciwon kai da tari da yajin ido, mai cin wayoyin firji da talabijin. A watanni takwas na farkon 2018, likitocin Martinik da Gwadalup sun ƙirga mutum fiye da 11,000 da suka zo musu da wannan kuka. A watan Yuni na shekarar, tauraron ɗan'adam ya hango ta shimfiɗe daga gaɓar Afirka ta Yamma har mashigin tekun Meziko, tsawon kilomita 8,850, nauyinta ya haura tan miliyan 20. A watan Mayun 2025 ta wuce tan miliyan 37.

To me ya kawo wannan zance Dawce, a ƙasar Matameye, inda ko mafarkin teku ba a cika yi ba? Tuhuma ce ta kawo shi. Cikin waɗanda aka zarga da ciyar da ciyawar nan har da hazon hunturu, wannan farar ƙura da ke rufe sararin Damagaram daga Disamba zuwa Fabrairu, ta wuce Daura da Kano ta nufi teku. Tun da an ambaci ƙurarmu a gaban alƙali, ya kamata mu zauna mu ji yadda shari'ar ta kaya.

Kafin a kira shaidu, sai an san halin wadda ake shari'ar a kanta. Hanya mafi sauƙi ta gane sargasum ita ce a ajiye ta kusa da wani maƙwabcinta a tsibiran nan, tsuntsun da ake kira kolibiri, domin su biyun duk rayuwarsu ba a ƙasa suke yin ta ba, amma abin da kowanne ke biya ya sha bamban.

Kolibiri ba tsuntsun ƙasarmu ba ne. Danginsa fiye da 360 duk a nahiyar Amurka suke, daga Alaska har ƙarshen Ajantina, babu ko ɗaya a Afirka. Wanda ya fi kama da shi a wajenmu shi ne sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai siririn baki da ƙyallin kore da ke bin furen kauci a kan itatuwa. Sai dai ka lura da sha-kauci in yana shan fure: yawanci reshe yake samu ya dafe, ya miƙa wuya, ya zura baki. Kolibiri kuwa yana iya tsayawa cak a cikin iska, fukafukai na kaɗawa har ido bai raba su, ya sha, ya ja da baya-da-baya, ya faɗa fure na gaba. Ƙafafunsa iyakarsu riƙe reshe, ba ya iya takawa da su a ƙasa.

A Martinik da Gwadalup da Dominika da Sen Lusiya akwai wani irinsa mai baƙin jiki, fukafukai kore shar, maƙogwaro ja mai ratsin shuni, wanda masana suka sa wa suna Eulampis jugularis. Nauyinsa tsakanin giram 7 da 12 ne. Namijin ya fi girma, bakinsa gajere ne kusan a miƙe. Macen ƙarama ce, amma bakinta ya fi tsawo, ya kuma lanƙwashe sosai. Wani masani ɗan Amurka, Ethan Temeles, ya bi su a dazukan Sen Lusiya, ya wallafa abin da ya gani a shekarar 2000: akwai tsiron helikoniya iri biyu a wurin, dangin ayaba na nesa, ɗaya furensa gajere ne daidai bakin namiji, ɗaya dogo ne mai gwiwa daidai bakin mace. Namijin yakan kama wata kurmar helikoniya mai yawan fure ya ce tasa ce, duk wanda ya raɓe ta ya sha kora. Macen ita ce mai yawon bin tsiro ɗai-ɗai da ke warwatse cikin daji. Miji da mata, kowa da akushinsa.

Abin da ya sa wannan rowa shi ne tsada. Tsayawa a iska yana cin ƙarfi fiye da kowace irin tafiya ta tsuntsu. Zuciyar ƙananan kolibiri takan buga fiye da sau 1,000 a minti ɗaya in suna shawagi. A yini guda tsuntsun yana shan ruwan fure da ya fi nauyin jikinsa, kuma sukarin da ya sha yanzu shi yake ƙonawa kafin awa ta zagayo. Da dare, da babu fure, wasunsu sukan sake jiki ya yi sanyi kamar sun mutu don su tsimi abin da ya rage. A tsaunukan Peru an auna wani, zafin jikinsa ya sauka har digiri 3.3, gari na wayewa ya karkaɗe ya tashi. Shi ya sa da guguwar Mariya ta afka wa Dominika a watan Satumban 2017 ta kakkaɓe furanni, masu bincike suka ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na mai jan maƙogwaron nan sun halaka a tsibirin. Wanda iska ta bari, yunwa ta bi shi. Ga shi kuma ƙwai biyu kacal macen ke sakawa a sheƙa, don haka cike gurbin sai a hankali.

Sargasum ita ko kwabo ba ta biya. Iri biyu ne ke yawo a Atilantika, natans da fluitans, kuma tun daga farkon rayuwarsu har ƙarshe ba sa manne wa dutse ko ƙasa. A jikin rassanta akwai 'yan ƙwallaye cike da iska, su ke riƙe ta a saman ruwa, dare da rana, ba motsi ba gumi. Mu nan da mun ji haka kainuwa za ta faɗo mana a rai, dashen Allah. Amma kainuwa tana da saiwa da ke reto cikin ruwan tafki, tana kuma yin fure da iri. Sargasum ba saiwa, ba fure, ba iri. Igiyar ruwa ce ke karya ta, kowane gutsure ya ci gaba da girma abinsa, shi ne a madadin iri. Gidanta na asali wani yanki ne a arewacin Atilantika da ake kira tekun Sargaso, teku marar gaɓa wanda manyan magudanan ruwa huɗu suka yi wa zobe. A nan jiragen Kiristofa Kolombas suka kutsa cikinta a watan Satumban 1492, matuƙansa suka tsorata, suna zaton sun hau kan tudu.

Ga inda kwatancin ya yi amfani. Kolibiri sukari ke yi masa iyaka, shi ya sa ba zai taɓa cika duniya ba. Ciyawar kuwa da kanta take haɗa sukarinta daga hasken rana, kuma rana da ruwa ba su taɓa yanke mata ba. Abin da ke yi mata iyaka taki ne. Tsakiyar teku, duk da yawan ruwansa, fako ne. An auna an gani: a can tsakiya sargasum takan ɗauki kimanin kwana 50 kafin ta ninka kanta, amma a ruwa mai abinci kwana 11 sun isa. Yi lissafi da kanka. Dami ɗaya, bayan kwana 100, a ruwan farko ya zama dami 4. A na biyu ya haura dami 500. Ashe tambayar ba ɗaya ba ce, biyu ce: wa ya kai iri inda babu shi, wa kuma ya zuba masa taki.

Ta farko ba ta ba da wuya sosai ba. Da fari kowa ya ɗauka tekun Sargaso ne ya yi ambaliya kai tsaye zuwa Karibiyan. Sai wani masani a Kanada, Jim Gower, da abokan aikinsa suka koma kan hotunan tauraron Envisat na Turai, suka nuna a 2013 cewa tulin 2011 daga kudu ya taso, daga wajen gaɓar arewacin Birazil, nesa ƙwarai da Sargaso. Ta ina aka hau? Amsar ta fito a 2020 daga Elizabeth Johns ta hukumar kula da teku da sararin samaniya ta Amurka. A hunturun 2009 zuwa 2010, wanda dusar ƙanƙara ta addabi Turai a cikinsa, iskar yamma ta sauko kudu fiye da yadda ta saba, ta yi ƙarfi, ta tura ciyawa daga Sargaso zuwa gabas har wajen mashigin Jibralta. Daga nan magudanar Kanari ta ɗauko ta, ta gangaro da ita ta gaban Maroko da Muritaniya da Sanagal, ta sauke ta a ruwan ɗumi na kusa da layin ikwaita. Iri ya isa gona.

Ta biyun ce ta ci shekaru. Duk manomin da ya taɓa sayen takin zamani ya san haruffa uku da ke jikin buhu, N da P da K. Na farkon naitirojin ne, na biyu fosfaras, kuma su biyun nan ne suka yi ƙaranci a teku. A 2021 Brian Lapointe na wata jami'a a jihar Fulorida ya kwatanta ciyawar da aka ɗebo a shekarun 1980 da ta bayan 2010, ya tarar naitirojin ɗin da ke jikinta ya ƙaru da kashi 35 cikin 100. Ruwa ba ya tsami banza. Kolibiri ma yana buƙatar naitirojin, don ruwan fure zaƙi ne zalla, ba ya gina tsoka, shi ya sa yake cafke ƙananan ƙwari da gizo-gizo, da su ma uwa ke ɗura wa 'ya'yanta. Ciyawa ba ta farauta. Wa ya ba ta?

Wanda aka fara kamawa kogin Amazon ne, kuma biri ya yi kama da mutum. Shi ne kogin da ya fi kowanne zuba ruwa a teku, ana sare dajinsa, ana buɗe gonakin waken soya ana zuba musu taki, ga shi kuma a kusa da bakinsa aka fara hango ciyawar. Amma da Julien Jouanno na cibiyar IRD ta Faransa ya bi lissafin abin da Amazon da Orinoko da Kongo suka zubar cikin shekara 15, bai ga wani tashin gwauron zabo da zai kai ga wannan ɓarna ba. Ya kuma nuna cewa a 2017 kimanin kashi 10 cikin 100 na ciyawar ne kawai ke cikin yankin da ruwan kogunan ke kaiwa. Sauran a tsakiyar teku ta yi ƙibarta. Akwai kuma wata shekara da ta tsaya wa masu zargin a maƙogwaro, wato 2013. Kogi bai daina gudu ba a shekarar, amma ciyawa ba ta zo ba.

Sai aka waiwayo kanmu.

Duk wanda ya yi hunturu a Dawce ya san hazo ba rairayin jigawa ba ne. Shafa ganyen da ya kwana a waje, ko murfin randa, ka murza tsakanin yatsu: ba ya ƙaras-ƙaras, laushi gare shi, fari-fari mai ratsin toka. Asalinsa daga kwarin Bodele ne a arewacin Cadi, kusa da Faya. Shekaru kimanin 7,000 da suka wuce, wurin ƙasan wani makeken tafki ne wanda tafkin Cadi na yau ɗan ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe ya bar ɓawon ƙananan halittun ruwa jibge, fari fat. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan kusan kwana 100 a shekara. Shi ne ke hana jirage sauka a Zinder da Kano, shi ne ke tsattsaga leɓe da dunduniya, kuma a cikinsa akwai fosfaras da sinadarin ƙarfe.

Cewa ƙurar Sahara tana haye teku ba sabon labari ba ne. A watan Janairun 1832 Charles Darwin ya tattara ta a kan jirgin ruwan Beagle kusa da tsibiran Kef Bad. A 2015 masanan hukumar NASA suka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 ke fita daga Sahara ta yamma kowace shekara, tan miliyan 27.7 su sauka a dajin Amazon ɗauke da fosfaras tan 22,000, kusan daidai da abin da ruwan sama ke wankewa daga ƙasar dajin. Wato furannin da kolibirin Birazil ke sha ma akwai hannun ƙurar Afirka a cikinsu. Abin da bai kai can ba kuwa a teku yake zuba, daidai kan hanyar ciyawar. A gaskiya, da ni ne mai gabatar da ƙara, da na ce a tafi hutun rabin lokaci, an gama.

Lauyan da ya tsaya wa ƙura wani tsohon kundi ne. Tun 1965 ake auna ƙurar da ke isa Barbados, aikin da Joseph Prospero na jami'ar Miyami ya riƙe shekara da shekaru. Kundin ya nuna cewa daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1980 ƙurar ta ninka kusan sau huɗu, daidai lokacin farin da ya kai mu ga yunwar 1973 da ta 1984. Ba a ga tulin sargasum ba a lokacin. Mai kaifin hankali zai ce ai wannan ba hujja ba ce, tun da a wancan zamani iri bai iso wurin ba tukuna, kuma ya yi gaskiya. Don haka sai aka tsaya kan shekarun bayan 2011, aka jera su ɗaya bayan ɗaya, ana duba ko shekarar yawan ƙura ita ce shekarar yawan ciyawa. Ba su hau layi ɗaya ba. Ƙura ta tashi a 2013 kamar yadda ta saba.

Bakin zaren a jikin dutsen murjani aka same shi. Murjani halitta ce da ke gina dutsenta hawa-hawa, kowace shekara da layinta, kuma kowane layi yana riƙe da ɗan naitirojin na ruwan shekararsa. Masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Mainz a Jamus suka huda irin waɗannan duwatsu a Karibiyan, suka karanta layukan shekara 120. Abin da ya taimake su shi ne naitirojin ɗin da aka zuƙo daga iska ya ɗan fi wanda ya fito daga ƙasan teku rashin nauyi, ana iya bambance su a ɗakin gwaji. Sakamakon da suka wallafa a mujallar Nature Geoscience a watan Nuwamban 2025 ya nuna cewa tun daga 2011, duk shekarar da zuƙo naitirojin daga iska ya ƙaru, ciyawa ta ƙaru. Ya yi tsalle a 2015 da 2018, shekaru biyun da sargasum ta kafa tarihi.

Wannan aiki manomin Dawce ya san shi da hannunsa, ko da bai san sunansa ba. Tuge gyaɗa ko wake da damina, ka kakkaɓe ƙasar, ka duba saiwar. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. Fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki: ƙwayoyin bakteriya ne a ciki, suna zuƙo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata shi ne, suna miƙa wa tsiron, shi kuma yana biyan su da sukari. Gawo ma danginsu ne, yana cikin dalilan da suka sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, da kuma dalilin da ya sa manoman Matameye da Magarya da Mirya suka bar shi ya sake cika gonakinsu tun daga shekarun 1980. Amma ƙullin nan ba ya aiki sosai a ƙasar da ba ta da fosfaras, ciwon da ke damun jigawar Nijar ke nan. Sargasum ba ta da saiwar da za ta yi ƙulli, sai ta goyi nata bakteriyan a bayan ganye. Naitirojin ɗin da ake ta neman wanda ya ba ta, a cikin iskar da ke kanta yake tun fil azal. Fosfaras take jira.

Shi kuwa fosfaras yana kwance a ruwan sanyi na can ƙasan teku. A shekarun da ruwan arewacin layin ikwaita ya ɗan yi sanyi, na kudu ya ɗan yi ɗumi, iskar gabas takan ƙara ƙarfi, ta ture ruwan sama gefe, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa da kayan da ke cikinsa, magudanai su ja shi yamma zuwa Karibiyan. Bakteriya su samu, su zuƙo naitirojin, ciyawa ta ninka, igiyar ruwa ta karya ta, kowane gutsure ya tafi da nasa ma'aikatan. Wannan tasowar ruwa ta daɗe tana faruwa, murjani ya shaida. Abin da ya sauya bayan 2010 shi ne ta tarar da mai ci yana jira.

Manomin da ke sayen taki da tiya zai ce to a ɗauro masa wannan tan miliyan 37 ya watsa a gona. Ba ta yiwuwa haka kai tsaye. Ban da gishiri, sargasum tana tara gubar asanik a jikinta, don fasalin asanik ya yi kama da na fosfaras, ita kuma mayunwaciya ce, duk wanda ta samu haɗiyewa take.

Saura hukuncin ƙura. Ba ta fita fes ba. Bakteriyan da ke zuƙo naitirojin ba sa aiki sai da sinadarin ƙarfe, kuma ƙurar Sahara ce ta wadata wannan yanki na Atilantika da shi tun dubban shekaru, har ya zama ba shi ne abin nema a wurin ba. Ta share fage, amma ba ita ta sauya komai a 2011 ba. Koguna ma suna ƙara wa ciyawar ƙiba in ta matso gaɓa, Lapointe da mutanensa suna nan kan wannan magana. Masu babban laifi biyu ne, kuma duka iska ce: ta yamma da ta kai iri a hunturun 2009 zuwa 2010, da ta gabas da ke tono fosfaras daga ƙasan teku. Irin ya riga ya zauna a sabuwar gonarsa, ragowar bana shi ne irin baɗi, ba ya buƙatar Sargaso kuma. Masu son sanin yadda shekara za ta kasance a gaɓar Legas ko Firitawun, zafin ruwan teku a arewa da kudancin layin ikwaita suke aunawa yanzu, kuma jami'ar Kudancin Fulorida tana fitar da rahoton yawan ciyawar kowane wata.